Jar Wayar da ta Kai Ni Accra

Tun da na dawo daga Accra ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya same ni a majalisarmu ta Gyadi-Gyadi sai ya ja benci ya ce in ba shi labari, kuma in na fara sai wani ya iso ya ce a koma farko. Na gaji da komawa farko. Shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

Sai na fara da abin da ya fitar da ni, don ba yawon buɗe ido na je ba.

Ni da Baba Yohanna muke haɗa wani ƙaramin allon na'ura, wanda a sana'a ake kira bod, mai kula da famfon rijiyar burtsatse da ke aiki da hasken rana. Baba Yohanna mutumin Zonkwa ne, abokin marigayi mahaifina, ya fi shekara talatin a Tarauni. Shi ke liƙa kayan da dalma a shagonsa, ni kuma nake rubuta manhajar. Bod ɗin yana da manyan sassa biyu. Ɗaya yana tuƙa famfo, ɗayan yana da layin waya a ciki, yana turo mana saƙo kan lafiyar rijiyar. Akwai kuma wani ɗan ƙarami da muke kira mai riset, aikinsa in wani sashe ya daskare ya kashe shi ya sake tashinsa, kamar yadda kake wa wayarka in ta maƙale.

Manhaja ba ta da ido. Sai ka rubuta mata takarda ka gaya mata abin da ke kan bod ɗin, da wayar da ta tashi daga ina zuwa ina. Wannan takarda ita masu sana'ar ke kira bishiya, saboda rassa take yi. In kuma ka ƙera sabon abu, kamar mai riset ɗinmu, sai ka tsara ƙa'idar yadda za a riƙa rubuta shi a cikin bishiyar, ka aika wa mutanen da ke kula da babbar manhajar da duniya ke rubutawa tare. In suka karɓa, ta zauna ke nan, ba a sake ta, don wasu za su yi gini a kanta.

Mun kafa bod uku, ɗaya a Unguwar Gano, ɗaya a Ƙauyen Alu, ɗaya a bayan gidanmu. Dukansu cuta ɗaya suka kamu da ita: ana cikin ɗiban ruwa da rana tsaka sai famfo ya tsaya cak, sai an je an kashe an kunna. Na yi ta cusa wa ƙa'idar tawa dabaru, nan in ce a jira kaɗan, can in ce a tashi wannan kafin wancan, ko Allah zai sa a dace. Sau uku ina aikawa, sau uku wani mai duba aiki da ke sa hannu da harufa biyu kawai yana maido min da ita. Ba sallama, ba yaya aiki. Layi ɗaya yake rubutowa, wai in bayyana abin da ke kan bod, in daina bayyana abin da manhajata ke so. Na tsani mutumin nan ban taɓa ganinsa ba.

A unguwa kuwa magana ta fara yawo cewa tsoho Baba Yohanna ne hannunsa ya soma rawa. Abin da ya fi damuna yanzu shi ne ban kare shi ba. Sau biyu ma na sa ya sake bin liƙin gaba ɗaya, ya bi bai ce uffan ba. Inna Laraba, maƙwabciyar rijiyar bayan gidanmu, ta taɓa tare ni ta ce ita dai ta lura duk lokacin da ta kira 'yarta waya ta ƙi shiga, to famfon ma tsayawa yake. Na yi dariya na ce Inna ruwa daban, sabis daban.

Da aka gayyace ni taron masu irin aikinmu a Accra, na je yi wa Baba sallama. Na tarar ya naɗe ƙarfensa na liƙi a tsumma ya ɗaure da roba.

"Nasiru, tafi da bod ɗaya su duba," ya ce. "In aka ce hannuna ne, ba zan sake kwance wannan ba. Gida zan koma, in yi noman citta."

Da wannan maganar a ƙirjina na shiga mota a Unguwa Uku.

Masu taron sun ce za su sa ni a jirgi, na ce a'a, ina son in ga ƙasa. Gaskiyar ita ce tsoron jirgin sama nake ji, kuma yau na faɗa kowa ya huta. Na bi ta Abuja, na kwana, washegari na kama hanyar Legas. Ba zan ɓata muku lokaci da wannan hanyar ba, duk wanda ya taɓa bin ta ya san yadda ƙugu ke komawa. Abu ɗaya zan ce, na rungume jakar bod ɗin tun daga Kano kamar mai jego, har wani fasinja ya tambaye ni ko zinare ne.

A motar da za ta fita da mu daga Legas na haɗu da Hajiya Balaraba, 'yar kasuwar atamfa daga Kano, mai zuwa Lome saro kaya tun ina makarantar firamare. Da ta ji Hausa a bakina ta dube ni sama da ƙasa, ta tambayi unguwarmu, ta tambayi gidanmu, kafin mu kai Badagiri ta gano cewa ta san gwaggona. Daga nan na zama ɗanta, ko ina so ko ba na so. Ta karɓi fasfona da katin rigakafina ta haɗa da nata a jaka, wai irina masu karatu su ne ke yar da takarda.

A iyakar Seme aka ce kowa ya buɗe kaya. Jami'in da ya zo kaina ya zaro bod ɗin daga cikin tawul, ya ga wayoyi da ɗan batir, ya ja da baya kaɗan. Ni kuwa na buɗe baki na fara zuba masa Turancin jami'a, ina bayanin bishiya da rassa da riset. Ina ƙara bayani fuskarsa na ƙara ɗaurewa. Hajiya ta ture ni gefe ta ce masa abin famfon ruwa ne, yaron mai gyaran rijiya ne. Shi ke nan. Mutumin ya saki fuska, ya ce a ƙauyensu ma akwai famfon da ya mutu, ko muna zuwa gyara nesa. Da muka koma mota ta ce min, "Kai Injiniya, in an tambaye ka mene ne abu, ka faɗi mene ne shi. Wa ya tambaye ka abin da ke kanka?" Ai kuwa na taɓa jin irin wannan faɗan, a rubuce, sau uku.

Kwatano gari ne na babura, 'yan acaɓansu duk da riguna ruwan ɗorawa, kuma abin mamaki suna tsayawa in danja ta tsayar da su. Hajiya ta saya mana wani dogon burodi mai tauri kamar sandar makiyayi, an tsaga shi an zuba wake da mai. Na raina shi a ido, na cinye nawa na kalli nata. Kafin la'asar mun sake tsallaka wata iyakar mun shiga Togo. A Lome ta sauka, ta maido min da takarduna, ta sa na ƙirga su a gabanta, ta rubuta min sunan wani Malam Sidi a unguwar Nima da ke Accra, ta ce in na kuskura na kwana a otel alhali akwai Hausawa a garin, za ta kai ƙarata wurin gwaggona.

Iyaka ta uku ni kaɗai na tsallaka ta, da ƙafa. Da aka tambaye ni abin da ke jakata na ce abin famfon ruwa ne, aka ce in wuce.

Malam Sidi tela ne, kakansa ne ya zo daga Kano da fataucin goro, shi kuwa bai taɓa taka Najeriya ba. Ya ba ni ɗakin ɗansa da ke karatu a Kumasi, ya yi ta tambayata ko ganuwa tana nan, ko har yanzu ana rini a Ƙofar Mata. Da safe aka kawo koko da ƙosai, na ce to ai ban bar gida ba, sai da na kurɓa na ji citta da barkono sun kama min maƙogwaro. Da rana shinkafa da wake ne a ganye, da taliya da gari da ƙwai duk a wuri ɗaya, da wani baƙin yaji da suke kira shito. Na ɗebi shiton nan kamar miyar kuka nake ɗiba. Matar Malam Sidi ta tsaya tana kallona da tausayi, ta tura a kawo ruwa tun kafin in nema. Dokunu kuwa, wato tuwon masararsu mai tsami da ake naɗewa a ɓawo, sai a rana ta uku muka shirya da shi.

Abin da ya fi burge ni a garin shi ne layi. Mutane su tsaya a tasha ɗaya bayan ɗaya, mota ta zo, su shiga ba wanda ya taka wani. Na tuna yadda muke shiga a-daidaita-sahu a gadar Gyadi-Gyadi, na ji kunya ni kaɗai.

Taron kansa wata duniya ce. Mu a Kano in za ka gaya wa mutum aikinsa bai yi ba, sai ka tambayi iyali, ka tambayi gajiya, ka yabi abin da ya yi daidai, sannan ka lallaɓo ta bayan gida. Waɗannan ba ruwansu. Saurayi zai miƙe ya kira mai furfura da sunansa tsirara, ya ce masa layi na kaza kuskure ne, mai furfurar ya duba ya ce haka ne, an jima ka gan su suna cin abinci a faranti kusa da juna suna dariya. Ranar farko na yi ta jira in ga an yi dambe, ba a yi ba.

A rana ta biyu aka ware zaure inda masu duba aiki ke zaune, kowa ya kai musu matsalarsa. Na tambayi inda mai harufa biyun nan yake, na gyara tsayuwa, don na shirya masa maganganu tun daga Lokoja. A raina wani ƙaton mutum ne mai jan ido. Aka nuna min wata 'yar tsohuwa farar fata, ba ta kai kafaɗata ba, tabarau rataye a wuya, tana ɓare gyaɗa tana tara ɓawon a kofi. Sunanta Irena. Da na faɗi sunana ta ce, a'a, mai famfon Kano, ta ja min kujera. Ta ce ta yi ta tunanin aikina, don ba kullum ake aiko mata abin da mutane ke shan ruwa da shi ba. Duk maganganun da na shirya suka zube.

Na buɗe kwamfuta zan nuna mata rubutun, ta rufe ta da hannu ɗaya ta ce rubutun ta karanta shi sau uku, bod ɗin take son gani. Ta sa tabarau, ta bi saman a hankali, sannan ta juya shi. A bayan, ƙarƙashin ɗan farin gam, akwai wata siririyar jar waya da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Ta bi ta da bakin biro daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

"Wannan fa?" ta ce. "A bishiyarka ka rubuta cewa famfo da layin waya kowa da wayar riset ɗinsa. Nan kuwa waya ɗaya suke sha."

Wallahi na san wayar nan. Na tuna ranar sarai. Ina zaune a kan bencin shagon Baba Yohanna ina kallon ƙwallo a waya, ya dawo daga Sabon Gari ya ce irin kayan da muka zana za mu haɗa mai riset da shi ya ƙare a kasuwa, wanda ya samo ƙafafunsa da ake liƙa wa waya ba su kai ba, don haka zai haɗa biyu a kan layi ɗaya. Ya ce in rubuta. Na ce to Baba, idona na kan ƙwallo. Haka muke aiki a wurinmu, mai gyara ya ja waya ya faɗa da baki, wanda aka faɗa wa ya ce to, magana ta bi iska. Ni kuma na je na rubuta bishiyar daga zanen farko, ban sake juya bod ɗin ba ko sau ɗaya.

Sauran bayanin ni na ƙarasa mata shi da kaina. Duk lokacin da sabis ya ɗauke, sashen layin waya sai ya daskare. Manhajata ta ja wayar riset don ta tashe shi, ba ta san famfo na kan wayar ba, sai ta kashe shi yana tsakiyar aiki, kuma ba ta koma ta kansa ba tunda a saninta ba ta taɓa shi ba. Inna Laraba, wadda ba ta taɓa riƙe kwamfuta ba, ta gano cutar tun watanni, na yi mata dariya.

Na tambayi Irena, muryata ƙasa-ƙasa, ko jar wayar kuskure ce, ko a cire ta.

"Don me?" ta ce. "Dabara ce mai kyau, ana yin ta ko'ina. Kuma na daɗe ban ga liƙi mai tsafta irin wannan ba. Wanda ya yi shi ya san aikinsa. Takardarka ce ba ta faɗi gaskiya ba."

Na yi murna, na ji kunya, ban san wanda ya fi yawa ba.

Kwana biyu muka yi muna gyara. Ta sa na goge duk dabarun jira da na cusa, ƙa'idar ta rage kamar an yi mata aski. Abin da ya saura kaɗan ne: mai riset yana da layuka kaza, kowane layi da lambarsa, kowane sashe ya faɗi lambar layin da yake kai. Famfo da layin waya suka faɗi lamba ɗaya, manhaja ta san tarayya suke, ba za ta ja wayar ba muddin ɗaya na aiki. In layin waya ya daskare, sai ta yanke masa wuta shi kaɗai. Na so in ƙara wani abu saboda bod ɗin da muke shirin yi nan gaba, ta hana, ta ce abin da aka karɓa ba ya gogewa, kada in ɗora wa mutanen da ban sani ba alkawarin abin da ban ƙera ba tukuna. Muka ɗaura wata 'yar fanka a madadin famfo, na zare layin wayar da hannuna. Fanka ta ci gaba da juyawa. Na mayar, na sake zarewa, har sau bakwai, sai da Irena ta ce ya isa, gyaɗarta na hucewa.

Na fita waje na kira Baba, bai ɗauka ba. Na kira matarsa, Mama Rifkatu, ta ce tun shekaranjiya yake ɗaure kayan shago a kwali, ya ma yi magana da mai motar da zai kwashe su ranar Asabar. Wai ya ce shirun da na yi amsa ce. Ranar Alhamis ce, hanya kuwa kwana uku ce in an yi sa'a. Na roƙe ta ta riƙe min shi, na koma ciki na sami masu taron na ce jirgin nan da kuka ce, yana nan?

Kada ku tambaye ni yadda Accra take daga sama, ban gani ba. Idona a rufe yake, duk addu'ar da na iya na karanta, har da ta shiga kasuwa. Matar da ke kusa da ni ta ce in sakar mata hannun kujera.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na isa Tarauni, ko gida ban biya ba. Shagon ya zama fili, kwalaye jere a bakin ƙofa, Baba na zaune a kan ɗaya. Na durƙusa na gaishe shi, na fito da bod ɗin na juya masa bayansa, na sa yatsa a kan jar wayar. Ya dube ta, ya dube ni.

"Ai na gaya maka," ya ce.

"Ka gaya min, Baba. Ni ne ban rubuta ba."

Na ce ina roƙon abu ɗaya, ya raka ni rijiyar bayan gidanmu. Na aika aka kira 'yan kwamitin rijiyar, aka kira Inna Laraba, na sa sabuwar manhajar, famfo ya tashi. A gabansu na faɗi cewa hannun Baba lafiyarsa ƙalau, laifin nawa ne, kuma Inna ta faɗa min na ƙi ji. Faɗin haka ya fi shiga jirgi wuya. Sannan na zare layin wayar na miƙa wa Inna ta riƙe a tafin hannunta. Ruwa ya ci gaba da zuba a bokiti har ya cika ya tumbatsa, ba wanda ya matsa ya janye shi. Inna ta ce to, ita ma dai daga yau a riƙa kiranta Injiniya.

Ƙa'idar tawa na aika ta karo na huɗu. Amsar Irena ta zo bayan kwana biyu, kalma ɗaya ta Turanci mai nufin an karɓa, ba sallama, ba yaya ka isa gida. Na karanta ta ya fi sau ashirin. Sauran rijiyoyin biyu ma mun bi su, yau mako na uku ke nan ba a kira mu ba.

Amma a ranar Juma'ar nan, da muka koma shago, Baba bai yi min maganar Zonkwa ba, ni ma ban tambaya ba. Ya buɗe kwalin da ya zauna a kai, ya lalubo tsumman nan, ya cire robar, ya sa ƙarfen a wuta. Muka zauna muna jiran ya yi zafi. Da ƙamshin dalma ya fara tashi sai ya zaro wani tsohon littafin makaranta daga cikin kayan, ya ɗora min a cinya, ya ɗora biro a kai.

"Ajiye wayar nan taka," ya ce. "Daga yau duk wayar da na ja, ka rubuta ta kafin dalmar ta huce."